Mai Goge Mutane

A ɗakin jiran jirgin ƙasa take zaune, can ƙarshen benci, ta ajiye jaka a gefenta kamar mai tsare wa wani wuri. Ƙafar tabaraunta ɗaya da zare aka ɗaure ta. Zane take yi a kwamfutar hannu, irin labaran zanen nan da ake sakawa a intanet.

Ina leƙe ta bayan kafaɗarta. Jarumin labarin ya samu ƙarfin da zai iya tsayar da rana, kansa kuma ya fara juyewa. Ba ta yi masa jajayen idanu ba. Teburinsa ta cika da mutane, sannan a kowane hoto tana goge mutum ɗaya. Yanzu shi kaɗai ya rage, yana ba kujeru umarni.

Wata tsohuwa da ke kusa ta ce, "'Yata, ina matarsa?"

"Ta musa masa, Mama."

"To, wa zai ce masa ya ci abinci?"

Alƙalamin ya tsaya cak. Wayarta sai haske take yi, ina jin masu karatu ne ke neman ci gaban labari. Kwanon abincinta yana nan a rufe tun zuwana, ba wanda ya ce mata ta buɗe.