Gogewa Dai Gogewa Ce

Har yau in na ji kukan mashin a rumfar masu aikin katako sai raina ya ɓaci, kuma yayana ne ya jawo.

Babanmu masassaƙi ne a tsohon garin Agadas. Da ya rasu, abu ɗaya da ba a raba ba shi ne kujerarsa mai hannuwa, ta itacen aduwa, da zanen wuta a jikinta. Tun da idon Inna ya tafi, a kanta take wuni. Takan bi zanen da yatsa, ta tsaya a ɗan kwarmin da babban yatsan Baba ya ci a hannun dama. Ni ke shafa wa kujerar man aduwa, in bari ya shiga, in murza da tsumma har ta yi sheƙi. Da kafaɗata ta soma ciwo, sai na roƙi Yaya, wanda ke aiki wajen haƙar gawayi a Tchirozérine, ya raka ni in sayi mashin da zai ɗauke mini murzar.

Mai butik ya ajiye mana biyu. Ɗaya ƙarami ne mai faifai, ana manna masa ulu mai laushi, yana juyawa a hankali. Ɗayan ƙato, da ɗamarar takarda mai kaushi kamar harshen sa.

"Gogewa wace iri kuke so?" in ji mai butik. "Ta haske, ko ta cin katako?"

Kafin in buɗe baki Yaya ya riga ni. "Haba Alhaji, gogewa dai gogewa ce. Ba mu babban. Wanga ƙaramin na wasan yara ne."

"Yaya, ƙaramin nike so. Mai kawai za a murza."

"C'est pareil, duk ɗaya ne, ƙanwata. Ni da nike kwana cikin mashina, ke za ki koya mini?"

Ba a musu da babban wa a tsakiyar kasuwa. Na bar shi ya sayi babban, da niyyar in dawo ni kaɗai in musanya.

Bai bar ni ba. Washegari na kai Inna barka a maƙwabta, kuran, wato wutar lantarki, ya dawo muna can, shi kuma ya ga dama ta samu. Mutanen kudu suna mana ba'a da gyaran gangar Abzinawa, da can haushin maganar nake ji. Ran nan na gan shi da idona. Na tarar da tsakar gida cike da garin katako, Yaya ya yi buɗu-buɗu yana washe baki, kujerar Baba kuwa fari fat kamar feraren rogo. Babu zane, babu kwarmi, babu baƙin man da ya ɗauki shekaru yana zama.

"Na goge miki ita tas," ya ce.

Wallahi na manta da girmansa. Na ce masa hannunsa bai taɓa sassaƙa ko muciya ba, amma ya iya cinye aikin ubansa kafin azahar.

"To ba ke kinka ce a goge ba?"

Ni gogewar tasar tagulla nake nufi, wadda ake yi don ta yi ƙyalli. Shi ya yi gogewar allo.

Inna na tsaye a bakin zaure tana tambayar me ya faru. Ta lalubo hanya da sandarta, ta zauna, ta ɗora hannu. Yatsanta ya yi gaba, ya dawo, ya sake yin gaba. Sai ta miƙe a hankali, ta karkaɗe zaninta.

"Ku maida wa masu ita kujerarsu," ta ce, "ku kawo mini tawa."

Yaya ya juyo ya dube ni, wai ni zan ba ta amsa.