Ranar da Lasifikata ta Firgita Shanun Kawu

Cikin duk abin da ya same ni a shekarun da na yi ina kaɗa jita, akwai wata safiya ta farkon damina da ba za ta taɓa fita daga raina ba.

Lokacin ina karatu a Bici, aka ce ni zan yi kiɗa a bikin yaye ɗalibai. Jitar lantarki gare ni, amma babu abin da zai fitar da sautinta. Sai na koma ƙauyenmu kusa da Bagwai na shiga haɗa kaya da kaina: tsohuwar amfilifaya mai ƙara ƙarfin sauti daga shagon mai gyaran rediyo, ƙatuwar lasifika da na yi wa akwatin katako, batirin mota da makirufo. Inna ta ce ba dai a tsakar gidanta ba, don haka na kwashe su zuwa gindin mangwaron bakin gonarmu in gwada.

A wajenmu gona manne take da gona. Kawu, ƙanin mahaifina, yana huɗa da shanunsa biyu daf da ni, igiyarsu naɗe a hannunsa. Har ya ɗago ya ce, "Mawaƙi, yau mu za a yi wa wasan?"

Na yi dariya, na jona waya. Ashe makirufon na kallon bakin lasifikar, ga shi sautin a ƙure yake. Wata irin ƙara ta tsaga kunne, ni kaina sai da na yar da jitar. Shanun suka zabura. Ina ji ina gani suka fizgi Kawu, suka ja shi a kan kunya, garmar na tsalle kusa da kansa. Salati kawai nake ji daga gonakin maƙwabta, mutane na gudu. Da ƙyar igiyar ta warware.

Da na isa, yana kwance fuskarsa duk ƙasa, hannunsa ya lanƙwashe ta inda hannu ba ya lanƙwashewa. Na ce, "Kawu, ka yafe mini."

Ya buɗe ido ya ce, "Kai, bar wannan. Je ka kamo mini shanuna kafin su shiga shukar mutane."

Bikin nan ban je shi ba. Ni na ƙarasa huɗar, Kawu na zaune a inuwa da ɗauri yana gyara mini riƙon garma. Rannan muna hutawa ya ce, "Ɗauko abin nan naka mu ji. Amma a hankali, don Allah." Na kaɗa masa, shanun na ɗaure can nesa.

Na hau dandamali sau da yawa bayan nan. Har yau ba na jona waya sai na mayar da sauti ƙasa, na waiga na ga wa ke kusa da ni. Abin da kake kira gwaji, wani yana iya biyansa da ƙashinsa.