Hoton da Na Hana a Fitar

Ɗana ne ya kawo ni Kuala Lumpur bayan rasuwar mahaifiyarsa. Shi yana aikin injiniya, ni kuwa kafinta ne da ya tsaya a aji shida. Amma a ƙaramar majami'armu da ke saman wani shago a Setapak babu mai furfura sai ni, don haka ɗalibai suka maishe ni dattijo. Rigimar haya, saɓani da saurayi, duk wurina ake kawowa. Na ji daɗin hakan fiye da yadda ya kamata.

Akwai wata yarinya 'yar kudancin Kaduna da ke cikin mawaƙa, tana karatun aikin jinya. Wata Talata da rana abokiyar ɗakinta ta same ni a mamak, wato shagon abinci da shayi da ke ƙasan benenmu, inda nake shan shayi.

"Baba, tun Lahadi da ta fita bayan sujada ba ta dawo ba. Wayarta a kashe take."

Na ce ta zauna. A lokacin akwatin talabijin na shagon yana nuna wani Bature ɗan yawon buɗe ido da ya ɓace a daji. Kwana da kwanaki ana nuna shi, yana dariya da jaka a baya, ana nuna karnuka da jirgi mai saukar ungulu, ana nuna matarsa tana kuka. Wani ɗalibi ɗan Filato da ya rako ta ya ɗaga kai ya kalla.

"Da tamu ma jan gashi ne da ita, da yanzu karnukan nan suna shinshina Setapak."

"Kai, rufe mana baki," in ji ta. "Baba, na riga na shirya hotonta. Mu watsa a waya, mu manna a tashar jirgi, mu kai wa 'yan jarida."

Na ce a'a.

Dalilaina biyu ne, kuma a ranar sun yi mini kama da hankali. Na farko, a iya zamana a nan ban taɓa ganin baƙar fuska a jarida ba sai an haɗa ta da ƙwaya ko damfara. Na ce idan muka kai, ba za su rubuta ɗaliba ta ɓace ba, za su tambaya me take yi a gari. Na biyu, a garinmu ba a shelar 'ya mace. Idan ta kwana biyu a wani wuri, manya ne ke bin sawu a ɓoye su dawo da ita, a rufa asiri. In aka watsa hoton, ta dawo jibi daga wurin wani saurayi, wa zai wanke mata suna har gida?

"Baba, ba irinta ba ce."

"Kowa ba irinsa ba ne, 'yata, sai ranar da ya yi."

Na faɗi haka, har ina ganin na yi magana. Muka kai rahoto ofishin 'yan sanda, aka rubuta. Ranar Laraba a taron addu'a na tashi na ce kada wanda ya sa hotonta a ko'ina, mu yi addu'a, mu bar manya su bincika. Suka bi maganata, domin an koya musu tun daga gida kada su ƙetare ta babba.

Binciken manya shi ne ni. Na hau mota na je Sri Petaling wurin wasu ƙawayenta, na je Brickfields wani shagon kayan miya da take zuwa. Ko'ina sai in kwatanta da baki: doguwa, baƙa, da kitso. Wata mai shago ta ce da ni, duk haka kuke. Hoton yana cikin wayata, amma ban cika fitar da shi ba.

A rana ta tara aka kira ɗana daga ofishin 'yan sanda. Mota ce ta buge yarinyar tun ranar Lahadin, a wata unguwa nesa da mu. Jakarta ba ta tare da ita lokacin da aka kai ta asibiti. Ta yi kwana shida ba ta farfaɗo ba, sannan ta cika. A takardar gadonta an rubuta mace 'yar Afirka, ba a san suna ba. Da muka je asibitin, wata ma'aikaciyar jinya ta ce kullum tana duba wayarta ko za ta ga ana cigiyar wata mai kama da ita. Ba da zargi ta faɗa ba. Labari take ba mu.

Ban yi kuka ba. Na sa hannu inda aka nuna mini. Na lura takalmina ya jiƙe da ruwan sama.

Jarida ɗaya ta ba ta layi biyu a can ciki, ba suna, ba hoto. Na daɗe ina gaya wa kaina cewa ai ga shi, ko mun kai ba za su buga ba. Wataƙila gaskiya ne. Amma ma'aikaciyar nan ba jarida take dubawa ba, waya take dubawa, kuma yaranmu ɗari suna riƙe da waya, ni na ɗaure musu hannu.

Da mahaifiyar yarinyar ta kira daga gida, fastonmu ya miƙo mini wayar. Muryarta a dushe take.

"Baba, na gode da wahalar da kuka sha. An ce har ƙafa kuka taka kuna nema."

"Mama, akwai abin da ba a gaya miki ba. Yara sun so su watsa hotonta tun rana ta biyu. Ni na hana. Tana da rai a lokacin."

Ina jin kukan kaji a bayanta.

"Wani yana wurinta da ta tafi?"

"Babu kowa namu."

"To," in ji ta. "Ba wa fasto wayar."

Na ba shi.