Bindigar Mijin Misis Ruth

Har gobe ban manta da wata Talata ta farkon Nuwamba ba, a shekarata ta shida a shagon da muke sayar da kayan farauta da tsofaffin bindigogi, kan hanyar McLeansville, nan Amurka. Ku sababbin shiga da kuke ƙorafin na cika sa ido idan ana karɓar bindiga, ga dalilina.

Mu huɗu ne a shagon lokacin: oga, maƙerin bindiga da ke zuwa sau biyu a mako, ni a kanta, sai Mis Dalin mai cike takardu. Teburinta yana bayan bangon katakon da muka rataye kan barewa a jikinsa. Ƙa'idar karɓar bindiga ba ta da wuya. Irin waɗanda ake ja wa hannu baya a tura gaba suna da bututu a ƙarƙashin baki, inda harsasai ke kwanciya a jere, wani murɗaɗɗen ƙarfe, sifirin, yana turo su ɗaya bayan ɗaya. Za ka ja hannun sau uku, ka leƙa ɗakin harsashi, ka sa yatsa, sannan ka haska bututun da tocila. Bayan nan ne za ka sa hannu a katin da ke cewa babu komai a ciki.

Mako guda kafin wannan Talatar, wata tsohuwar Baturiya daga Irving Park ta shigo da bindiga naɗe cikin bargo. Sunanta Misis Ruth, ta ce mijinta ne ya rasu. Bindigar tana ƙyalli kamar ba a taɓa fita daji da ita ba. Ina juya ta ina yabo, matar ta ce in duba ta da kyau. Na ja hannun sau uku, babu abin da ya fito. Ta sake cewa in duba. Raina ya ɗan ɓaci, don ba na son a koya mini aikina. Tocilar tana can wajen maƙeri, ni kuwa ƙyuya ta hana ni takawa. Na zuba mai a bututun don na ji shi a bushe, na sa hannu a kati, na jingina ta a layi. Da matar ta kai ƙofa ta waiwayo, ta daɗe tana kallon bindigar kafin ta fita.

Daga washegari na fara jin wani ɗan sauti. Da rana tsaka, in shago ya yi tsit, sai in ji ƙas daga wajen layin bindigogi, kamar an ɓalla tsinken ashana. In na matsa sai shiru. Na tambayi Mis Dalin ko tana ji, ta ce ginin ne ya tsufa. Na yarda a baki kawai, amma na daina juya wa layin baya.

Ranar Talatar, bayan azahar, Baba Haruna ya zo. Dattijo ne mutumin Nijar, direban babbar mota, kuma gidansu gidan mafarauta ne. Wani abokinsa mai gona ya ba shi izinin farautar barewa a filinsa, shi ne yake neman bindiga. Na ajiye masa biyu a kan kanta, wata baƙa da ta sha duniya har katakonta ya koɗe, da ta mijin Misis Ruth.

Bai taɓa ko ɗaya ba. Ya nuna baƙar ya ce, "Mai wannan yana raye?"

Na ce, "Yana nan, Baba. Sabuwa ya saya, ya yi mana trade-in da ita, muka rage masa kuɗin sabuwar."

"Wannan fa?"

"Ya rasu. Amma dubi condition ɗinta, ko ƙwarzane babu."

Ya ɗaga ta, ya ɗora tsakiyarta a kan yatsu biyu, ya kara kunne a jikinta. Sannan ya ajiye ta a hankali kamar mai kwantar da jariri. "Bon," ya ce da ɗan Faransancinsa. "Kyan ɗan maciji ne. A gidanmu bindigar mamaci ba a taɓa kunamarta sai an fitar da hanjinta duka. Ba ka san abin da ya bari bai ƙarasa ba."

Na yi dariya. Na ce masa nan Amurka ce, ga kati, ga sa hannuna. Don in nuna masa laushinta, na ja hannun baya na tura gaba, na ɗora ta a kafaɗa, na saita kan barewar da ke bango, yadda kowane kwastoma yake yi. Ina jin muryar Mis Dalin ta bayan katakon tana waya da 'yarta. Yatsana ya riga ya hau kunama.

Baba Haruna ya dafa bakin bindigar ya ɗaga shi sama. Bai ɗaga murya ba. "Sani, buɗe ta tukuna."

Na ja hannun baya cikin fushi. Wani jan harsashi ya yi tsalle ya faɗi, ya gangara har ƙafar dattijon. Mis Dalin tana can tana dariya a waya, ni kuwa na ajiye bindigar na zauna a ƙasa.

Da maƙeri ya wargaza bindigar, ya ce tsatsa ce ta riƙe harsashin can cikin bututun shekara da shekaru. Man da na zuba ne ya riƙa sassauta shi yana saukowa kaɗan-kaɗan, kuma shi ne sautin da nake ji. Wannan bayani ya gamsar da oga, wanda ya dakatar da ni mako biyu, kuma na karɓi hukuncin don laifina ne. Abin da bai gamsar da ni ba shi ne abin da Baba Haruna ya nuna mini da ya tsinci harsashin. An rubuta Ruth a jikinsa da baƙin alƙalami, rubutun ya daɗe har ya fara dusashewa.

Dattijon ya sayi baƙar bindigar ya tafi. Ni kuma na kwana biyu ina shawara kafin na buga lambar da ke kan fom ɗin matar. Na ce mata mun sami harsashi a ciki, ban ambaci rubutun ba. Sai ta ce, "Ashe da gaske yake. Shekara arba'in yana gaya mini akwai guda ɗaya da ya ajiye mini." Ta yi mini godiya ta kashe wayar.

Tun daga ranar tocilata a aljihu take kwana, kuma ba na sa hannu a kati sai na ga ƙarshen bututu da idona. Mutanen da ke kawo mana tsohuwar bindiga ba dukansu ne suka zo ciniki ba, wasu fitar da ita daga gida suka zo yi. Saboda haka duk wanda ya tsaya a gaban kantarku ya ce ku duba da kyau, ku ajiye girman kai ku sake dubawa. Misis Ruth sau biyu ta faɗa mini, ban ji ba.