Mutumin da Ya Hana Ni Shiga

Da safiyar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, Maryse ta kira ni ta ce mahaifinta, Fernand Quillet, ya rasu a gidan kula da tsofaffi, yana da shekara tamanin da huɗu. Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Na rufe shagona na gyaran agogo a Rouen, na zauna na kasa taɓa komai har rana ta yi tsaka.

Baba Fernand, shekara talatin da shida ka yi a bakin ƙofar babban gidan caca na garinku na gaɓar teku, kuma ko sau ɗaya ba ka taɓa jefa kwabo a tebur ba. Aikinka haddace fuska ne. Duk wanda aka taɓa kora, da duk wanda ya sa hannu da kansa cewa kada a sake barin sa ya shiga, fuskarsa tana cikin kanka. Masu hutu daga Landan da Milan suna wuce ka cikin kwat da turare, sun ɗauka kai mai gaisuwa ne kawai. Ba su san ka gama karanta su tun daga matakala ba.

Kowa a garin yana da labarinka. Kai ne ka ara wa wani tsohon manomi kwat ɗinka don ya shiga ya ga fitilun ɗakin sau ɗaya a rayuwarsa, ka tsaya da riga a cikin iska. Kai ne ka gane wata Baturiyar Holan bayan shekara ashirin, ka tambaye ta ƙafarta da ta gurɗe. Amma ni nawa labarin na kunya ne, kuma yau zan faɗe shi da alfahari.

Duk watan Agusta ni da matata Solène da 'yarmu muke zuwa hutu garinku. Da wasa na fara shiga, kamar kowa, don a ce ni ma na shiga. Cikin shekara uku faifan cacar nan mai juyawa ya cinye ni. Sai da na sa hannu a takardar hana kai shiga, Solène kuma ta faɗa mini magana ɗaya, ba da faɗa ba: "Anselme, ranar da ƙafarka ta sake tsallaka ƙofar nan, ni da yarinya mun tafi." Wanda ya san Solène ya san ba ta maimaita magana.

Na yi shekara biyu lafiya. A ta uku, wata Alhamis da la'asar, suna bakin ruwa, na ce zan je sayo jarida. Tun da safe na aske gemuna na shekara goma sha biyar, na ce zafi ne. Na sa tabarau, na ɗauki katin shaidar ƙanena da muke kama sosai. Wallahi har ina yaba wa kaina wayo.

Ƙofar cike take da baƙi. Ka dube ni daƙiƙa ɗaya, ka ɗaga hannu, ka ce da murya mai ladabi yadda kowa zai ji:

"Yallaɓai, a gafarce ni, wannan takalmin ba ya shiga. Zo in nuna maka inda ake sayarwa."

Takalmin nan sabo ne fil, ya fi naka tsada nesa ba kusa ba. Amma ka riƙe gwiwar hannuna ka sauko da ni, kamar babban baƙo ake rakawa. Sai da muka sha kwana na fashe da masifa, na ce ni ba wanda kake zato ba ne.

Ka ce, "Haba Anselme. Ka aske gemu, ka manta kunnuwa. Ka gan su kuwa? Kamar hannun tukunya."

Na roƙe ka, na zage ka, na ce ina ruwanka da gidana. Ka kai ni shagon shayi, ka sa aka kawo mini kofi da wainar tuffa, ka zauna har na gama. Daga nan ka saya mini jaridar da na ce zan sayo, ka nuna mini hanyar bakin ruwa. Ka ce, "Je ka, suna jiran ka. Ni ina nan gobe, ina nan baɗi. Kada ka wahalar da wanzami." Ba ka kai ƙarata ga kowa ba. Ni da bakina na faɗa wa Solène bayan wata shida, tun daga ranar kuma duk Agusta sai ta kai maka kwalbar zuma.

Shekara goma sha tara ke nan, ban sake hawa matakalar nan ba. 'Yarmu ta yi aure, Solène tana gefena yanzu da nake rubutun nan, tana cewa in rage surutu.

A watan Janairu muka je duba ka. Maryse ta gargaɗe mu cewa mantuwa ta ci ƙarfinka, ko ita ba ka gane ta. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, a ce mutumin da ya riƙe fuska dubbai ya rasa ta 'yarsa. Na tura ƙofar ɗakinka, na sa ƙafa ɗaya. Ka ɗago daga kujera, ka ƙura mini ido, sai ka ɗaga hannun nan naka.

"Yallaɓai, kai ba ka shiga."

Solène ta yi dariya har ta koma kuka. Ni kuwa na ja ƙafata baya, na cire hula. A bakin ƙofa na tsaya har muka gama ziyarar, kuma ban taɓa jin girma irin na ranar ba.

Ina miƙa ta'aziyya ga Maryse da ɗan'uwanta Corentin, da jikokin marigayin, da abokan aikinsa. Allah ya ba ku haƙurin rashi. Ku sani akwai gidajen da ke tsaye yau saboda mahaifinku ya iya cewa a'a ba tare da ya tozarta mutum ba, nawa yana cikinsu.

Allah ya jiƙan ka, Baba Fernand, ya yafe kurakuranka, ya sa ka huta. Idan ka isa ƙofar can, Allah ya sa a gane fuskarka tun daga nesa, a buɗe maka.