Kantar Sama

Jiya ina jera kayan miya a ɗan kabad ɗin da muka samu a gidan hayarmu na Gedaref, sai iska ta kwaso ƙanshin tokar murhun maƙwabta ta shigo da shi. Na tsaya da gwangwanin kuka a hannu, na ma manta inda zan ajiye shi.

Ka san a ƙauyenmu, can wajen Ƙala'at an-Nahal, ba mu da kabad. Kakata tana da ɗakin ajiya na laka, kuma kowane abu da mazauninsa. Buhun farar dawa ta ci, wadda ake kira fatarita, yana bakin ƙofa. Busasshiyar kuɓewa da daddawa suna rataye a ragaya saboda ɓera. Riɗi yana cikin randa an liƙe bakinta. Can sama, a kan wata kanta da hannun yaro ba ya kai wa, akwai tsohuwar tukunya baƙa ƙirin, cike da dawa kaura da aka cuɗe da toka don ƙwari. Iri ne. Mahaifiyar kaka ce ta ƙullo shi a bakin zane tun daga yamma, lokacin da suka taso a ƙafa da niyyar Makka, hanya ta ajiye su a nan. Duk damina kaka takan shuka kunya biyar a bayan gida, ta mayar da sabon iri cikin tukunyar.

Ni kuwa tun ina yarinya mai son tsari ce, da rawar kai. Ina shekara goma sha biyu, kaka ta tafi ta'aziyya Showak, na ce bari in burge ta. Na share ɗakin, na wanke kwanoni, na taka turmi na sauko da tukunyar. Na ga dawa duk toka, na ce wannan ƙazanta ce. Na sheƙe ta tas, na juye cikin buhun ci, na cuɗa, don dawa ai dawa ce. Washegari aka ɗebi fiye da rabi aka kai niƙa.

Da kaka ta dawo ta ɗaga kai, ta ga tukunya a wanke an kife ta. Ba ta dake ni ba, kuma da dukan ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce, "'Yar nan, kin yi aiki. Ɗauko faifai." Kwana huɗu muna zaune a inuwar itacen bedi, muna tsintar jajayen ƙwayoyi cikin farare, ita da idonta da ya fara hazo. Abin da muka samu bai cika tafi biyu ba. Tana cuɗa shi da toka ta ce, "Na ƙasa na cikinmu ne. Na sama ba namu ba ne, ajiya aka ba mu."

Irin ya rayu. Da na yi aure a Khartoum, goggona ta ba ni rabona a kwalba, domin kaka ta riga ta rasu. Nakan shuka 'yan ƙwayoyi a tsakar gida, in sabunta, in mayar da kwalbar kantar sama ta kabad, bayan kofunan baƙi. 'Ya'yana suna yi mini dariya.

Ranar da yaƙi ya kore mu, na ɗauki takardu, da magani, da yara. Sai da muka wuce Madani na tuna da kwalbar. Na yi kuka, amma na lallashi kaina cewa akwai na goggo.

Bayan mun ɗan natsu na je ƙauye na gai da goggo, na roƙi ko cokali ɗaya. Ta ce, "Tun da ƙafata ta ƙi, ba wanda ya shuka. Yara duk suna aikin manyan gonaki a Gedambaliya. Ni hankalina a kwance yake, na ce ai yana wajenki."

Yanzu komai na kicin ɗina yana wurinsa, gishiri da kuka a ƙasa, gari a tsakiya. Ƙaramar 'yata ta ga wuri a sama, ta miƙo mini gwangwanin sukari in ɗora. Na ce mata ta bar nan, ba wurin abin ci ba ne. Ta tambaye ni to wurin mene ne, ni kuma na ci gaba da goge kantar.