Ranar da Ƙarfen Baba Farce Ya Zame

A bakin babbar hanya, daidai inda tireloli ke fara sakin gudu bayan sun fita daga cunkoson gari, akwai wata rumfar kwano da tsofaffin tayoyi suka danne rufinta. A nan mai faci ya yi shekara talatin da 'yan kai. Masu babur suna kiransa Baba Farce, kuma shi ya jawo wa kansa, domin ba ya ɗaura taya sai ya luma mata farcen babban yatsansa. In robar ta lotsa ta dawo, ya gyaɗa kai. In ta yi masa taurin kai, sai ya juya gefenta ya nemo lambobin nan huɗu da kamfani ke bugawa, biyu na satin da aka yi ta, biyu na shekara. "Taya tana tsufa ko ba ta taɓa taka ƙasa ba," haka yake gaya wa kowa, har wanda bai tambaye shi ba.

Ba da wannan tsirfar aka haife shi ba. Yana sabon shiga sana'ar, ƙaninsa ya kawo masa wata taya mai ƙyalli, bakinsa har kunne don murna. Ya ji robar ta bushe, ya ga 'yan tsage-tsage a cikin zanenta, amma ya ƙi rage wa ƙanin nasa jin daɗi, ya ɗaura masa ita a gaba. Kwana tara ta yi. A na goma ta fashe a kan wannan hanyar, da tirela a bayansa, ƙanin bai ƙara tashi ba. Baba Farce bai taɓa yafe wa kansa wannan shirun ba, shi ya sa bakinsa ya ƙi mutuwa tun daga ranar. Mutane suna jure surutun ne saboda hannunsa, don duk layin an san ƙarfen cire tayarsa bai taɓa cizon robar kowa ba. Wannan shi ne kaɗai abin da yake taƙama da shi a duniya, ban da Auta.

Auta ita ce ƙaramar 'yarsa, a rumfar nan ta yi rarrafe. Yanzu ma'aikaciyar jinya ce a asibitin garin da ke gaba, mijinta kuma malamin lissafi ne a wata makaranta can. Kullum da safe babur ɗaya suke hawa, tafiyar kusan awa guda a kan kwalta mai zafi, tsakanin manyan motoci. Malam mutumin kirki ne, sai dai wanda ya saba riƙe jan biro ba ya son a yi masa gyara. Bara Baba Farce ya ce masa a gaban mutane iskar tayarsa ta yi yawa. Wata uku Malam bai ƙara tsayawa a rumfar ba, ya koma wajen mai facin bakin tasha, wanda ko tayar baro ka ba shi zai ɗaura maka a babur ya ce Allah ya kiyaye hanya.

Ranar wata Asabar da hantsi sai ga su, Auta a baya, sabuwar taya rataye a kafaɗarta, da sauran ledarta.

"Baba, ga ta nan, ta gaba ce," in ji Malam. "Wannan karon ba za ka samu abin faɗa ba. Shago huɗu na shiga. Dubi zurfin zanenta, dubi kaurin gefen. Mai shagon ya ce don doguwar hanya aka yi ta."

Bakaniken da ke maƙwabtaka da rumfar ya leƙo, masu babur biyu da ke jiran iska suka matso suna yaba kyan tayar. Baba Farce ya karɓa, ya yaye ledar, ya luma farce. Robar ko gezau. Ya juya gefenta kamar mai share ƙura, ya karanta lambobin. Shekararta takwas. An dai shafe ta da mai ne ta yi baƙi siɗik, kyan ɗan maciji.

Ya ɗaga kai ya dubi surukinsa. Malam yana tsaye hannu a ƙugu, yana jiran yabo a gaban matarsa da mutane. Malamin lissafi guda, lambobi huɗu sun wuce shi. In ya faɗi gaskiya yanzu, ya san abin da zai biyo baya kamar ya gani: Malam zai karɓe tayarsa cikin ladabi, ya wuce bakin tasha, kuma ranar Litinin Auta za ta hau bayanta. In ya yi shiru, ya san wannan hanyar ma, ya taɓa bin ta.

"Lafiya dai, Baba?" Malam ya tambaya, murmushinsa ya fara raguwa.

"Lafiya lau, Malam. Taya ta yi kyau. Kawo babur ɗin."

Ya kwance ƙafar gaba, ya cire tsohuwar da ta suɗe, ya shafa ruwan sabulu a bakin sabuwar. Wata tirela ta wuce, kwanon rumfar ya ɗauki kaɗawa. Ya cusa ƙarfe na farko, ya cusa na biyu. Da ya zo na uku sai ya juya bakin ƙarfen ta wajen kaifinsa, ya saita shi a gefen tayar, ya sakar masa nauyin jikinsa gaba ɗaya. Busasshiyar roba ba ta da haƙuri, nan take ta dare, tsagar ta kai tsawon yatsa.

Bakanike ya matso ya dubi tsagar.

"Baba Farce, kai ne kuwa?" in ji bakanike.

Tsohon bai ɗago ba. "Hannuna ne ya yi rawa. Malam, ka yi haƙuri, na ɓata maka kaya. Laifina ne, kuma ni zan gyara."

Fuskar Malam ta haɗe. Ba a yi wa suruki faɗa, balle wanda ya sunkuyar da kai. "Ba komai, Baba," ya ce da ƙyar. "Tsautsayi ne."

Baba Farce ya shiga ciki ya sauko da wata taya daga ƙusa, ta bana, mai taushin roba da ƙarfin gefe, wadda ya daɗe yana neman hanyar ba su ba tare da an ce ya yi gyara ba. Ya ɗaura ta a hankali, ya ba ta iska daidai. Malam ya hau don ya gwada ta zuwa kwana ya dawo, masu babur ɗin nan biyu kuwa suka sulale, wai iskar tasu za ta kai su tasha.

Auta ta tsuguna gaban yagaggiyar tayar. Ta luma mata farce. Ta juya gefen, leɓɓanta suna motsi tana karanta lambobin, sannan ta daɗe tana kallon ubanta. Da ta ji ƙarar babur ɗin mijinta yana dawowa, sai ta kifa tayar, lambobin suna kallon ƙasa, ta tura ta can ƙarƙashin benci.

"Baba, tsufa ya zo ke nan," ta faɗa da ƙarfi yadda kowa zai ji, idonta cike da ƙwalla. "Sai ka riƙa hutawa."

Kafin la'asar bakanike ya kai labarin ƙarshen layi, cewa hannun Baba Farce ya fara rawa. Wasu tsofaffin abokan cinikinsa suka koma bakin tasha. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, amma ko sau ɗaya bai musa ba.

Ranar Litinin da sassafe yana tsaye a bakin kwalta lokacin da Malam da Auta suka wuce, tirela a gabansu, tankar mai a bayansu, farar rigar Auta tana kaɗawa. Ya bi su da ido har suka sha kwana lafiya. Sannan ya koma rumfa ya sunkuya zai ɗauki ƙarfensa, sai ya ga hannun nasa yana rawa da gaske, ya zauna a benci ya jira ta lafa.